DARASIN SANA'AR HANNU: Yadda Ake Fara Walda Da Inji Mai Waya

Idan an gama girbi, an kai amfanin gona rumbu, manomi yakan sami lokaci har zuwa faɗuwar ruwan fari. Wannan shi ne lokacin gyaran kayan aiki. Amalanke ya tsage a gefe. Ƙafar baro ta karye. Ƙofar shago ta ɓalle daga jikin bango. A ƙauyuka da yawa sai an jira ranar kasuwa, a ɗauki kayan zuwa gari wurin mai walda, a biya kuɗin mota, a kuma biya kuɗin aiki.

Akwai masu sha'awar koyon walda ba domin su buɗe shago ba. Suna so ne su riƙa gyara kayansu da kansu, su ƙera benci ko murhun ƙarfe, su taimaki maƙwabta. Wannan darasi domin irinsu ne. Ya yi bayani a kan injin da ya fi sauƙi ga ɗan koyo, wato inji mai waya. Mai sha'awa ya karanta shi a tsanake kafin ya fitar da kuɗinsa, domin injin yana da tsada, kuma sakaci da shi yana iya jawo asarar ido ko gobara a gida.

1. MECE CE WALDA?

Walda ita ce haɗa ƙarfe biyu ta hanyar narkar da bakinsu har su zama ɗaya. Maƙeri yana aiki da gawayi da zuga-zugi. Mai walda kuwa yana aiki da wutar lantarki. Idan wuta ta yi tsalle daga bakin waya zuwa jikin ƙarfe, sai ta ba da haske mai ƙarfi da zafi mai tsanani. Ruwa yana tafasa a ma'aunin zafi 100. Ƙarfe yana narkewa a wajen 1,500. Zafin wutar walda ya wuce 3,000.

Injin da aka saba gani a bakin titi shi ne mai sanda. Sanda tana ƙonewa tana gajarta, sai a tsaya a sa wata. Ga sabon shiga, sandar takan liƙe wa ƙarfe. Inji mai waya ba haka yake ba. A cikinsa akwai siririyar waya a nannaɗe a kwarkwaro, kamar zaren keken ɗinki. Idan an danna kunama, sai injin ya riƙa turo wayar da kansa. Aikin mai walda shi ne ya riƙe hannunsa daidai, ya tafi a hankali.

An fito da wannan dabara a Amurka a shekarar 1948, a cibiyar bincike ta Battelle da ke jihar Ohayo. A shekarar 1953 wasu masana a tsohuwar Tarayyar Sobiyat suka nuna yadda za a yi ta da iskar gas mai araha. A shekarar 1959 kamfanin Lincoln Electric ya fito da waya mai hoda a cikinta, wadda ba ta bukatar gas. A jikin irin waɗannan injina akan ga an rubuta MIG.

2. SASSAN INJI

(a) Akwati: shi ne yake mai da wutar gida ta zama wutar walda.
(b) Kwarkwaro: shi ne yake ɗauke da waya. Akwai mai nauyin kilo 1, da mai kilo 5, da mai kilo 15.
(c) Tayoyin turi: ƙananan tayoyi ne na ƙarfe da suke matse waya suna tura ta.
(d) Bindiga: ita ce ake riƙewa a hannu. Tana da kunama, da ɗan bakin jan ƙarfe mai huda inda waya take fitowa.
(e) Matsewa: igiyar wuta ce mai haƙora a bakinta. Ana maƙala ta a jikin ƙarfen da za a yi wa aiki. In ba ta kama da kyau ba, wuta ba za ta zagaya ba.
(f) Maɓallai biyu: ɗaya na ƙarfin wuta, ɗaya na gudun waya.

3. WAYA IRI BIYU CE

Narkakken ƙarfe ba ya shiri da iskar da mutane suke shaƙa. Idan iska ta shige shi, walda takan cika da ƙananan ramuka, ta yi rauni. Saboda haka dole a kare shi har ya daskare. Akwai hanya biyu.

Ta farko ita ce waya zalla tare da tulun gas. Gas yana fitowa ta bakin bindiga, ya lulluɓe wurin da ake walda. Akan yi amfani da irin iskar da take sa lemon kwalba kumfa, ko kuma a gauraya kashi 25 nata da kashi 75 na wata iska mai suna agon. A lura, wannan ba gas ɗin girki ba ne, kuma ba iskar da masu yanka ƙarfe da wuta suke aiki da ita ba ce. Haɗa ɗaya daga cikin waɗannan da injin haɗari ne babba. Waya zalla tana ba da walda mai tsabta, ta kuma dace da ƙarfe marar kauri. Amma iska kaɗan in ta kaɗa sai ta kwashe gas ɗin. Ga kuma wahalar kai tulu birni a cika.

Ta biyu ita ce waya mai hoda. Wannan waya siririn bututu ce, an cika cikinta da hoda. Idan ta ƙone, hodar tana ba da hayaƙin da yake kare walda, sa'an nan ta bar ɓawo a sama, kamar kashin maƙera. Ana kankare ɓawon bayan ya huce. Ta fi hayaƙi da tartsatsi, amma ba ta bukatar tulu, kuma tana aiki a fili ko da ana iskar hunturu.

Ga mutumin ƙauye, waya mai hoda ta fi dacewa. Idan ya je saye, ya duba jikin kwalin. In ya ga E71T-11 ko E71T-GS, to ba ta bukatar gas. In ya ga ER70S-6, waya zalla ce, sai da gas. Kaurin da ya dace da ƙaramin inji shi ne milimita 0.8 ko 0.9.

4. ABIN DUBAWA KAFIN A SAYA

Na ɗaya, wuta. Wutar gida a Nijeriya da Nijar folt 220 zuwa 230 ce. Ƙananan injina da yawa da aka yi domin kasuwar Amurka na folt 120 ne. Idan aka jona irin wannan kai tsaye, zai ƙone. Mai saye ya karanta ɗan allon da ke bayan inji, musamman idan na hannu ne.

Na biyu, ƙarfin inji. Ana auna shi da amfiya. Kowane milimita ɗaya na kaurin ƙarfe yana bukatar wajen amfiya 40. Milimita shi ne ƙaramin tsagin da ke jikin rular 'yan makaranta, guda goma suke yin santimita ɗaya. Ke nan ƙarfe mai kaurin milimita 2 yana son amfiya 80, mai milimita 3 kuma yana son 120. Inji mai amfiya 140 ya isa aikin benci, da ƙofa, da taga, da baro.

Na uku, hutun inji. A jikin allon akwai lamba mai alamar kashi cikin ɗari. Ana lissafinta a kan minti goma. Idan an rubuta 20%, ma'ana inji zai yi walda minti 2, ya huta minti 8. Idan 60% ne, aiki minti 6, hutu minti 4. Wanda ya matsa wa inji fiye da haka, injin zai yi zafi ya ɗauke.

Na huɗu, janareta. Ƙaramin janareta na kunna ƙwai da fanka ba zai ja injin walda ba. Takardar da take zuwa tare da inji tana faɗin girman janaretan da ya dace. A bi abin da ta ce. Igiyar wuta kuma ta zama mai kauri, gajera, a warware ta duka kafin a fara aiki.

Na biyar, kayan canji. Bakin jan ƙarfe yana cinyewa, waya tana ƙarewa. Kafin a biya, a tabbata ana samun su a kasuwa mafi kusa. Inji mai araha wanda ba a samun wayarsa ya zama kayan ado a ɗaki. Inda kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, mutum uku ko huɗu suna iya haɗa hannu su saya, su ajiye a wurin amintacce.

5. RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ido. Hasken walda yana ƙona fatar ido. Mutum ba ya jin komai a lokacin. Sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, galibi cikin dare, ya ji kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye yana zuba. Baƙin tabarau na rana ba ya karewa. Runtse ido ba ya karewa. Sai hular walda mai rufe fuska duka, mai gilashi lamba 10 zuwa 13. Wanda hasken ya kama, kada ya murza idon, kada ya ɗiga ruwan sukari ko nono ko wani haɗin gida. Ya rufe idon, ya ɗora tsabtataccen ƙyalle mai sanyi. In ciwon ya wuce kwana ɗaya, ko gani ya ragu, ko ɓarɓashin ƙarfe ya shiga, a tafi asibiti. Yara suna son kallon walda. A kore su nesa, a kuma kafa kariya da tsohon kwanon rufi, ba da zana ba.

Jiki. Hasken yana ƙona fata, tartsatsi kuma yana huda tufafi. A sa riga mai dogon hannu da wando na auduga mai kauri, da safar hannu ta fata, da rufaffen takalmi. Yadin roba yana narkewa ya liƙe wa jiki. Babbar riga da silifa ba na wurin walda ba ne. A fitar da ashana daga aljihu.

Huhu. A shekarar 2017 hukumar binciken cutar daji ta duniya, wadda take birnin Liyon a Faransa, ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da suke jawo cutar daji. A yi aiki inda iska take shiga tana fita. Mai walda ya kau da kansa daga hayaƙi. Farin bututun ruwa da kwanon rufi an shafe su da tutiya. Hayaƙinta yana sa zazzaɓi da ciwon jiki. A goge tutiyar daga wurin da za a yi walda. Shan madara bayan aiki ba ya wanke hayaƙi daga huhu.

Gobara. Tartsatsi yana tafiya nesa, ya faɗa cikin tattaka ya yi ta ci a ɓoye. A nisanci rumbu, da harawa, da kara, da ɗakin ciyawa, da jarkar fetur, da aƙalla mita 10. A ajiye bokitin yashi a kusa. Bayan an gama, a zauna a wurin aƙalla rabin awa ana lura.

Wutar lantarki. Kada a yi walda a jiƙaƙƙen wuri, ko da jiƙaƙƙiyar safar hannu. Igiyar da ta fashe a canja ta. A zare inji daga wuta kafin a buɗe shi.

6. YADDA AKE SHIRYA INJI

(1) A duba inda aka jona igiyar bindiga. Waya mai hoda irin wadda aka ambata tana son bindiga a alamar ɗebewa (-), matsewa a alamar tarawa (+). Waya zalla kuwa akasin haka ne. Kuskure a nan yana sa tartsatsi mai yawa da walda marar ƙarfi.
(2) A sa kwarkwaro. A riƙe bakin wayar da kyau, domin in ta kuɓuce sai ta warware ta harɗe.
(3) A yanke lanƙwasasshen baki, a zura wayar tsakanin tayoyin turi. Tayar tana da lamba a jikinta. Ta yi daidai da kaurin waya. Haka ma bakin jan ƙarfe.
(4) A matse tayoyin daidai wa daida. In sun yi sako-sako waya za ta riƙa zamewa. In sun matsu da yawa za su latse ta.
(5) A miƙe igiyar bindiga, a kunna inji, a danna kunama har waya ta fito. Kada a nufi fuska ko tafin hannu da bakin bindiga, domin wayar tana huda nama.
(6) A cikin murfin injina da yawa akwai jadawali. Yana nuna lambar da za a sa kowane maɓalli bisa kaurin ƙarfe. Daga nan ake farawa.

7. GWAJIN FARKO

Ɗan koyo ya nemi guntayen ƙarfe masu kaurin milimita 3. Ya goge tsatsa da fenti da maiƙo har ƙarfen ya yi haske. Ya goge wurin da zai maƙala matsewa shi ma. Rabin aikin walda gogewa ne.

Ya zauna ko ya tsaya yadda zai sake. Ya riƙe bindiga da hannu biyu. Tsawon wayar da ta leƙo daga baki ya zama wajen santimita ɗaya da rabi ga waya mai hoda, santimita ɗaya ga waya zalla. Ya ɗan karkata bindigar kaɗan. Da waya mai hoda ana jan bindiga ne, wato narkakken ƙarfe yana biyo ta a baya. Haka yana hana ɓawo shiga cikin walda.

Ya sauke hula, ya danna kunama. Idonsa ya tsaya a kan ɗan tafkin narkakken ƙarfe, ba a kan haske ba. Ya tafi a hankali, gudu ɗaya. Kunne ma yana taimako. Idan komai ya daidaita, ƙarar tana fita sumul kamar ana suyar ƙosai. Idan waya tana tunkuɗe hannu baya, gudunta ya yi yawa. Idan tana narkewa ta liƙe a bakin jan ƙarfe, gudunta ya yi kaɗan, ko an kusantar da bindiga da yawa. A juya maɓalli ɗaya kawai a lokaci guda, a sake gwadawa.

Sai ya yi layi bayan layi a kan falle ɗaya har ya cika shi. Bayan haka ya fara haɗa ƙarfe biyu. Zafi yana jan ƙarfe ya karkace. Saboda haka a fara ɗiga walda kaɗan a wannan gefe da wancan, a duba ko aikin ya miƙe, sa'an nan a bi layin duka. Ƙarfen da aka gama yana da zafi ko da bai yi ja ba. A ɗauke shi da awartaki.

8. YADDA AKE GANE WALDA MAI KYAU

A kankare ɓawo da ƙaramar guduma, a goge da buroshin ƙarfe, ido a kare. Walda mai kyau faɗinta ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, kuma gefenta ya narke ya shige jikin ƙarfe.

Idan ta yi tudu kamar igiya a kwance, wuta ta yi kaɗan ko an yi sauri.
Idan ƙarfe ya huje, wuta ta yi yawa ko an daɗe a wuri ɗaya.
Idan akwai ƙananan ramuka, ƙarfen yana da datti, ko waya ta yi tsatsa, ko iska ta kwashe gas.

Babban aibin inji mai waya shi ne yana iya ba da walda mai kyan gani wadda ba ta kama ba. Saboda haka a gwada. A haɗa guntaye biyu, a bari su huce, a doke su da masaba. In ƙarfe ya lanƙwashe walda ba ta tsage ba, an yi daidai. In ta ɓalle kamar an liƙa da ƙaro, sai a ƙara wuta, a rage sauri. Yana da kyau ɗan koyo ya kai gwajinsa wurin gwanin walda ya duba masa.

9. ABUBUWAN DA ƊAN KOYO ZAI BARI

Duro, da tanki, da duk abin da aka taɓa zuba wa fetur, ko kananzir, ko man dizal. Ko an wanke shi, tururin mai yana maƙalewa a ciki, ya fashe kamar bam. Haka ma tukunyar gas.
Ƙarfen ƙafar mota da taya a jikinsa. Zafi yana sa tayar ta fashe.
Duk abin da ran mutum ya rataya a kansa, kamar gindin amalanke inda tayoyi suke, da jikin babur, da tsani, da ƙarfen bakin rijiya. Waɗannan na gwani ne.
Ƙarfen zubi, kamar jikin injin niƙa, da tukunyar dalma. Suna da tasu hanya dabam.

10. ADANA INJI

Ƙura da laima su ne abokan gaban inji. Bayan aiki a rufe shi, a ɗora shi a kan katako. Da damina a cire kwarkwaro a ƙulle shi cikin leda, domin waya mai tsatsa tana toshe bindiga. A riƙa cire tartsatsin da ya taru a baki. Kada a lanƙwasa igiyar bindiga, kada a taka ta.

Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ba gwaji awa ɗaya kullum, ya fara da ƙananan ayyuka kamar teburin da zai riƙa walda a kai, kafin damina ta sauka zai iya gyara ƙafar baronsa da hannunsa.

SABABBIN KALMOMI

Folt: ma'aunin ƙarfin turin wutar lantarki.
Amfiya: ma'aunin yawan wutar da take gudana.
Milimita: kashi ɗaya cikin goma na santimita.
Tutiya: farin ƙarfen da ake shafa wa kwanon rufi domin hana tsatsa.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin inji mai sanda da inji mai waya?
2. Don me waya mai hoda ta fi dacewa da ƙauye?
3. An rubuta 30% a jikin inji. Minti nawa zai yi aiki, minti nawa zai huta?
4. Ƙarfe mai kaurin milimita 3 yana son amfiya nawa?
5. Me zai faru idan aka jona inji mai folt 120 a wutar gida?
6. A kawo abubuwa uku da ɗan koyo ba zai yi wa walda ba, tare da dalili.

AIKI

Kowane ɗalibi ya sami rula, ya auna kaurin ƙarfe uku a gidansu. Ya rubuta sunan kowanne, da kaurinsa, da amfiyar da yake bukata. A kawo wa malami a zama na gaba.